Zauren Ƙere-ƙere: Kun Tambaya, Mun Amsa

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga batir da injin ƙyanƙyasa, saboda haka su za mu fi zama a kai. Mun gajarta wasu tambayoyin don a samu fili.

Assalamu alaikum. Mu matasa goma sha biyu ne a unguwa ɗaya, akwai masu gyaran waya, da mai walda, da ɗaliban kwalejin fasaha. Muna son buɗe wurin da za mu riƙa haɗuwa muna ƙere-ƙere da koya wa na baya. Da me za mu fara? — Mai karatu daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kuke nufi yana da tarihi. A Jamus an buɗe c-base a birnin Balin tun 1995, kuma tsarin Fab Lab ya fito ne daga jami'ar MIT ta Amurka a farkon shekarun 2000. A nan kusa da mu, a WoeLab da ke Lome ta ƙasar Togo, an haɗa firinta mai fitar da abu da siffarsa daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci a 2013. Jigon abin shi ne kayan aikin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba, a saye su tare, a kula da su tare.

Kada ku fara da manyan injuna. Ku fara da teburi mai ƙarfi, da haske mai kyau, da taga mai shigar iska. A kan teburin: mitar awon wuta biyu, ƙarfen like mai maɓallin rage zafi guda biyu ko uku, filaya, abin yanke waya da na fere ta, sukudireba ƙanana da manya, diril, zarto, da gilashin kare ido. Idan kuɗi ya ɗan ragu, abin da ya fi cancanta shi ne na'urar ba da wuta ta kan teburi, mai bolt 0 zuwa 30 da amfiya 5, wadda ake iya ƙayyade mata yawan wutar da za ta saki. Ita ce ke hana kuskuren ɗan koyo zama hayaƙi. Da yake duk waɗannan ba sa cin wuta sosai, ƙaramar sola ta ishe su. Injin walda kuwa a ware masa layinsa da ranarsa.

Soket ɗin teburin duka su bi ta na'urar yanke wuta ta RCD mai miliamfiya 30. Fiyus waya yake karewa daga ƙonewa, wannan kuwa mutum take karewa. A ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa, ba a ƙuryar ɗaki ba.

Dokoki uku muke ganin ba a sassauta su. Ba mai taɓa wutar gida ta bolt 230 shi kaɗai a ɗaki. Ba mai buɗe murhun maikurowef ko tsohuwar talabijin mai ƙeya sai da gwani a tsaye, domin kafasitar maikurowef tana riƙe wutar da ta kai bolt 2,000 bayan an zare soket. Sannan ba a cin abinci a teburin like, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya fita, saboda dalma. Mutanen arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubar dalma bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Ita ce dalilin da ya sa ba za a fasa batirin mota a zauren ba, komai son a ga cikinsa.

Batun kuɗi shi ke rusa irin wannan wuri, ba rashin basira ba. Ku sa kuɗin wata da kowa zai iya biya, ku naɗa ma'aji daban da mai riƙe makulli, ku buɗe littafi da ake rubuta duk kayan da ya fita da sunan wanda ya ɗauka. Ku zana siffar kowane kayan aiki a jikin allon da ake rataye shi, yadda da an ɗaga ido za a ga gurbin da babu kowa. Don jawo mutanen unguwa, ku ware Asabar ɗaya a wata ta gyara: a kawo fanka, tocila, rediyo, mai kayan ya zauna a gyara da hannunsa a ciki. Irin wannan zama an fara shi da sunan Repair Café a Amsadam ta ƙasar Holan a 2009, ya kuma bazu. Ku ware wa 'yan mata nasu lokacin da malama mai kula da su, in ba haka ba iyaye ba za su bari su zo ba, kuma za ku yi asarar rabin masu basirar unguwar.

Salam. Na sayi tsofaffin batiran laftof na fasa, na samu 'ya'yan batir masu kama da na tocila. Ina son haɗa fitilar karatu mai caji da rana. Na haɗa guda huɗu, ɗaya ya yi zafi har robarsa ta narke. Ina kuskuren? — Ɗalibi daga Maraɗi

Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa, domin ka tsallake rijiya da baya. Waɗannan su ne 18650, sunan daga girmansu ya fito, kauri milimita 18, tsawo 65. Cikakkensu bolt 4.2 ne, matsakaici 3.7, kuma ba a son su sauka ƙasa da 3.0 a aiki. Abin da ya fi yiwuwa ya same ka biyu ne. Ko ka haɗa cikakke da wanda ya mutu kai da kai, sai mai ƙarfin ya juye wutarsa cikin raunanan ba tare da birki ba. Ko kuma rigar robar ta yage wajen fasawa. Gwangwanin batirin gaba ɗayansa ɓangaren negetif ne, har zuwa kafaɗar da ke zagaye da kan fozitif, tsakaninsu 'yar tazara ce kawai. Guntun ƙarfe ya kwanta a wurin, shi ke nan an yi shot.

Tantancewa ita ce rabin aikin, kuma tana ɗaukar kwanaki. Ka auna kowanne da mita, ka rubuta sakamakon a jikinsa. Wanda ya gaza bolt 2.5, ko ya lotsa, ko ya yi tsatsa, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi, ka rufe kansa da salatif ka ware shi. Kada ka saurari masu cewa a "tashe shi" da batirin mota. Sauran ka caja su ɗaya-ɗaya a kan siminti ko tayil, kana taɓawa lokaci-lokaci. Wanda ya yi zafin da ya wuce ɗumi, a cire shi daga sahu. Da sun cika 4.2, ka ajiye su mako guda ka sake aunawa. Wanda ya sauka ƙasa da 4.1 yana zubar da wuta ta ciki, zai riƙa tsotse 'yan uwansa. Daga nan sai gwajin ƙarfi da caja mai auna miliamfiya-awa. Na laftof tun suna sababbi yawanci 2,000 zuwa 2,600 suke, saboda haka wanda ya ba da 1,800 ko sama ya yi. Sababbin da ake rubuta wa 9,900 a kasuwa ƙarya ce tsagwaronta, na ƙwarai mafi ƙarfi bai kai ko rabin haka ba.

Ga fitilar. Ɗauki batir biyu masu ƙarfi kusa da juna, bambancin awonsu kada ya wuce bolt 0.05 lokacin haɗawa, ka haɗa fozitif da fozitif, negetif da negetif. Ka sa su a gidan batir na roba, ko ka bar guntun ƙarfen nikel da ke manne da su ka yi like a kansa. Kada ka ɗora ƙarfen like a kan batirin kansa, zafin yana lalata abin da ke raba cikinsa. Sayi allon caji na TP4056, amma irin mai ƙafa huɗu a baya, B+ da B- na batir, OUT+ da OUT- na fitila. Wannan shi ke da kariyar DW01 da ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa sosai ko an yi shot. Ka duba sau biyu kafin ka haɗa batir, domin idan ka juya kan, allon zai ƙone nan take.

Kwan LED mai wat 1 yana son kusan bolt 3.2 da miliamfiya 300. Batir cikakke 4.2 ne, rarar bolt 1 ke nan. Raba 1 da 0.3, ka samu resista mai om 3.3, ka sayi mai ɗaukar wat 1. Manna kwan a kan guntun alminiyam, in ba haka ba zai dushe cikin 'yan makonni. Batir biyu masu 2,000 sun zama 4,000, wato awa goma sha biyu ko fiye, hasken yana raguwa a hankali.

Fanel ɗin sola ya zama mai bolt 6, wat 5. Mai bolt 12 yana fitar da sama da 20 idan ba kaya a kansa, kuma TP4056 ba ya jure abin da ya wuce 8. Fanel a rana, batir a inuwa, da doguwar waya tsakaninsu, saboda batirin lithiyam ba a cajinsa a zafin da ya wuce digiri 45, kuma akwatin roba a ranar Afrilu yana zarce haka nesa. Abu na ƙarshe da ke ruɗa mutane: allon yana gane batir ya cika ne idan wutar cajin ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma, wato kusan miliamfiya 100. Idan fitila tana kunne tana jan 300, ba zai taɓa gani ba, sai ya yi ta riƙe batir a 4.2, wanda ke tsufar da shi. A kashe fitila lokacin caji.

Dalmata ba ta kama waya, sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta faɗi. Na ƙure zafi amma abin ƙara lalacewa yake. — Mai gyaran rediyo daga Gusau

Ƙure zafin shi ne ya ƙara dagula lamarin, Malam. Dalma mai lamba 60/40 tana narkewa wajen digiri 190, ƙarfen like a 330 zuwa 350 ya isa. Da ka wuce 400, bakin ƙarfen zai yi baƙi, kuma baƙin baki ba ya miƙa zafi, man like da ke cikin dalmar ma ƙonewa yake kafin ya yi aikinsa. Goge bakin da soso mai laima ko sosan tagulla, ka shafa masa dalma har ya yi ƙyalli. Kada ka kankare shi da zarto ko samfefa, domin siririn rufin ƙarfe ne a kan tagulla, yana tafiya bakin ya fara cinyewa.

Wurin haɗin ake ɗumamawa, ba dalmar ba. Ɗora baki yadda zai taɓa ƙafar kayan da zoben allo lokaci guda, ƙirga biyu, kawo dalma ta ɗaya gefen ta narke da zafin wurin, janye dalma, sannan janye ƙarfe, kada ka motsa sai ya daskare. Idan duk da haka ta ƙi, duba wayar. Akwai masu araha da alminiyam ne aka yi wa fentin tagulla, in ka kankara za ka ga fari. Akwai kuma na ƙarfe, maganaɗisu zai ja su. Na alminiyam ba sa karɓar dalmar da aka saba, sai dai a canza waya. Man like na masu gyaran famfo da lagireto mai asid ne, yana cin allo bayan watanni, na rozin ake so.

Assalamu alaikum. Na haɗa injin ƙyanƙyasa da tsohuwar kula, da kwan fitilar mota biyu da W1209, na'urar daidaita zafi. Na zuba ƙwan kaji arba'in a watan Janairu, tara suka fito. Da na fasa sauran, 'yan tsakin sun cika amma sun mutu a ciki. — Mai kiwo daga Katsina

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tunda sun cika kafin su mutu, ƙwan masu zakara ne, kuma zafin bai yi nisa da daidai ba. Zarginmu na farko laima, na biyu iska. A hunturu laimar iska a Katsina tana iya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ƙwai kuwa yana son 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Idan ta gaza, fatar cikin ƙwan bushewa take ta manne wa ɗan tsako kamar leda, ya huda ɓawo amma ya kasa juyawa. Faɗin ruwa ke ba da laima, zurfinsa ba ya ƙara komai, saboda haka faranti mai faɗi ya fi kofi, kuma idan aka tsoma soso rabi a ruwa rabi a waje laimar tana ƙaruwa. Ki sa siririn tiyo ta jikin kular don ƙara ruwa mai ɗumi ba tare da buɗe murfi ba. Daga rana ta 18 a daina juya ƙwai, a daina buɗewa, ko da an ji kukan na farko.

Abin auna laima na kasuwa yakan yi kuskure. Gwada shi haka: cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, rufe shi tare da ma'aunin a leda ko roba mai murfi na awa takwas zuwa goma sha biyu. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, kin san ki riƙa ƙara 7. Sikeli ma shaida ne: ƙwai yana rasa kusan kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa zuwa rana ta 18. Ki auna tire guda ranar farko, ki sake a rana ta 9. Idan ya riga ya rasa kashi 9 ko 10, bushewa ta yi yawa.

Kula an yi ta ne don kada iska ta shiga, ɗan tsako kuwa a kwanakin ƙarshe numfashi yake sosai. Huda ramuka huɗu masu faɗin fensir a ƙasa, huɗu a sama. Sa fankar kwamfuta mai bolt 12 da ke juyawa dare da rana, kada a haɗa ta da layin kwan da ke ɗaukewa.

Sai W1209 ɗin. Ki saita digiri 37.5, a jerin saitinsa P0 ya zama H, wato ɗumamawa. P1 shi ne tazarar da ke tsakanin kunnawa da kashewa, daga kamfani 2 yake zuwa, wanda ya yi wa ƙwai yawa, ki mayar da shi 0.3. Kan sansar da ke jin zafi ya rataya daidai saman ƙwai, nesa da kwan fitila. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki na asibiti a gefensa, in akwai bambanci ki gyara a P4. Juyi sau uku ko biyar a yini, adadi mara, don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. A haska ƙwai da tocila a rana ta 7 da ta 14 a cire marasa jijiya. Idan na zabi ne, kwana 26 zuwa 28 suke yi, a daina juyi a rana ta 25.

Ki shirya wa bazara tun yanzu. Na'urar tana iya kashe kwan fitila, amma ba ta iya sanyaya akwati. Idan ɗakin ya kai digiri 41 da azahar, ƙwan ma zai kai, kuma awanni kaɗan a haka suna kashe shi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba.

Na haɗa Arduino, ƙaramin allon kwamfuta, da HC-SR04, sansar da ke auna nisa da sauti, don kunna injin ruwa idan tanki ya yi ƙasa. Awon yana tsalle, kuma da injin ya tashi sai allon ya sake farawa. — Ɗalibar injiniya daga Kano

Malama, matsala biyu ce daban-daban. HC-SR04 ba a yi shi don ciki mai tururi ba, raɓa tana taruwa a idanunsa, cikin watanni ya yi tsatsa. Canza zuwa JSN-SR04T mai jure ruwa, amma ki sani ba ya ganin abin da ya fi kusan santimita 25 kusa, don haka a ɗaga shi sama da iyakar cikar ruwa, a tsakiyar tanki, nesa da bango da bututun shiga. A manhaja, ɗauki awo biyar da tazarar milisakan 60, ki jera su ki ɗauki na tsakiya, domin awo ɗaya na banza yana ɓata matsakaici. Lissafin raba lokacin dawowar sauti da 58 don samun santimita an gina shi ne a kan gudun sauti na mita 343 a daƙiƙa, a digiri 20. A digiri 40 ya kai kusan 355, kuskuren santimita 5 ke nan a zurfin mita ɗaya da rabi, kuma baƙin tanki a rana ya fi haka zafi. Ki ba da tazara mai faɗi: kunna a kashi 30, kashe a kashi 90.

Sake farawar kuwa daga tartsatsin wuta ne da faɗuwar bolt. Cire 'yar gadar JD-VCC a allon rile, wato makunnin da Arduino ke sarrafawa, ki ba shi nasa bolt 5 daban. Sa kafasita mai maikurofarad 1,000 tare da ƙarama mai nanofarad 100 a bakin wutar Arduino, ki raba wayoyin sansa da na injin. Amfiya 10 da aka rubuta a shuɗin rilen ba na inji mai juyawa ba ne. Injin doki ɗaya yana jan ninki da yawa a lokacin tashi, har bakin rilen ya narke ya manne, ruwa ya yi ta zuba. Rile ya kunna kwantakta, wato babban makunni mai jure wutar inji, kwantakta ta kunna inji, kuma wannan ɓangaren mai wayarin ya haɗa shi. Ƙara maɓallin tulu mai yawo a kan ruwa a layin kwal ɗin kwantaktar, yadda ko allo ya rikice zai yanke. Sa kuma umarni cewa idan inji ya yi minti goma ruwa bai ƙaru ba ya tsaya, don kada ya ƙone idan rijiya ta janye. In cika tanki kawai ake so, maɓallin tulun shi kaɗai ya isa. Arduino ya cancanci wahalarsa ne idan ana son ganin awo ko ajiye lissafin ruwa.

Mun buga maƙalin waya da firinta mai fitar da siffa, muka sa a mota, kwana biyu ya lanƙwashe. — Masu karatu daga Damagaram

Da zaren roba na PLA kuka buga, shi kuwa yana fara laushi wajen digiri 60, zafin da gaban mota a rana ke kaiwa cikin sauƙi. Ku koma PETG, wanda ke jurewa zuwa kusan 80. Bakin firinta a 230 zuwa 245, faranti a 70 zuwa 80, a rage fankar sanyaya zuwa rabi, a shafa gam na takarda a farantin gilashi don kada ya manne ya ɓalle da gilashin. Da damina ku rufe zaren a roba mai murfi tare da ƙunshin silika, domin jiƙaƙƙen zare yana tartsatsi a baki ya fito da saƙa kamar ta gizo. Da hunturu kuma ku ratsa zaren ta cikin guntun soso kafin ya shiga injin, ya share ƙurar da ke toshe bakin mai milimita 0.4.